Shan kwana da keken lantarki mai taya ɗaya

Tambaya: Na iya tafiya miƙe a kan keken lantarki mai taya ɗaya, amma da na zo shan kwana sai ya ƙi bi, ko kuma feda ta karci ƙasa. Tunda ba shi da sitiyari, da me ake juya shi?

Amsa: Malam, na'urar da ke cikinsa gaba da baya kawai take daidaita maka. Hagu da dama aikinka ne, kuma dabarar tana bin saurin da kake yi.

In gudun bai wuce na mai tafiya da ƙafa ba, murɗa shi ake yi. Ka fara juya kai da kafaɗu zuwa inda ka nufa, sannan ka fizgo ƙugu, tayar za ta juyo a kan ɗan wurin da ta taɓa ƙasa.

Da gudu ya ɗan ƙaru, sai a koma karkatar da shi, kuma nan ne mafi yawan masu koyo ke maƙalewa. Za ka yi hagu? Miƙe ƙafar hagu ka danna fedarta ƙasa, ka lanƙwasa gwiwar dama, jikinka ya tsaya kusan a miƙe, keken ya kwanta a tsakanin ƙafafunka. Tayar da ta karkata tana gangarawa ne kamar mazurari, dole ta zagaya wajen da ta kwanta. Wanda ya matse keken da ƙwaurinsa ya hana shi wannan kwanciyar, shi ya sa yake ƙin bi. Ka bar 'yar tazara tsakanin ƙafa da jikin keken.

A gudu mai yawa kuwa, taya mai inci 18 zuwa 22 tana turjewa, sai ka kai nauyin jikinka cikin kwanar tukuna, keken ya biyo baya.

Karcin feda yana zuwa ne in ka kwantar da keken fiye da kima a kwana mai tsauri. Ka haɗa da ɗan murɗa ƙugu. Ka rage gudu tun kafin kwanar, don birki a tsakiyarta yakan jawo rawar taya. A duba iskar taya ma: in ta yi ƙasa, juyawa sai ta yi nauyi.

Jera alamomi biyu da tazarar mita 5 a fili, ka riƙa zagaya su kamar lamba 8, da hular kwano da kariyar wuyan hannu, kana matso da alamomin kusa da juna kaɗan-kaɗan.