Mu yanke farashi ko mu gina tare?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shugabantar kamfanin rarraba kaya, muna son manhajar da za ta haɗa sito, sashen kuɗi da albashi. Wani kamfani ya ce mu yanke farashi, ya kawo aiki a kammale. Wani ya ce mu riƙa biya wata-wata, a gina tare da mu. Wanne ya fi? Daga wani manaja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yanke farashi yana da daɗi ranar sa hannu, don ka san abin da zai fita daga asusu. Amma sai in tun farko kun san duk abin da kuke so, a rubuce. A aikin da ya haɗa sassa uku, da wuya. Sai mai kula da sito ya zauna gaban kwamfuta yana shigar da kaya, sannan zai tuna cewa kayan da aka dawo da su a lalace ba a lissafa su da sababbi. A kwangilar farko, wannan ɗan gyaran ƙarin kuɗi ne, kuma daga nan jayayya take farawa.

Ni dai na fi karkata ga na biyu. Kamfanin manhaja na SAP a Jamus, wanda tsofaffin ma'aikatan kamfanin kwamfuta na IBM biyar suka kafa a 1972, ya rubuta manhajarsa ta farko ne a masana'antar abokin cinikinsa, kamfanin sinadarai na ICI, a kan kwamfutar abokin cinikin. A 2001 kuma masana manhaja 17 suka haɗu a jihar Utah ta Amurka, suka fitar da sanarwar Agile kan yadda ya kamata a gina manhaja, wadda ta fifita haɗa kai da abokin ciniki a kan ja-in-ja game da kwangila.

Sai dai akwai nauyi a kanka. Ka ware ma'aikaci guda da ya san aikin ciki da waje, mai ikon cewa i ko a'a ba sai ya jira ka ba. In babu shi, kuɗi za su yi ta tafiya aiki na tsaye. Duk mako biyu a nuna muku abin da ke aiki, ku taɓa da hannunku, ba rahoto a takarda ba. Ku kuma sa iyakar abin da za a kashe kowane wata.

Abin da na fi jin tsoro shi ne mallaka. A rubuta ƙarara cewa ainihin rubutun manhajar da bayananku naku ne, a ajiye su a ma'ajiyar da ke da sunan kamfaninku tun ranar farko, don in kun raba gari wani ya ɗora daga inda aka tsaya.