Amsa kan Ƙungiyar Matan Lawos

'Yar'uwa, kin tambaya ko ƙungiyar mata da gwamnati ke riƙe da ita za ta iya kare mata da gaske, kika kawo misalin Lawos, ƙasar da ke kudu maso gabashin Asiya. Amsata ita ce tana iyawa, amma da iyaka.

An kafa Ƙungiyar Matan Lawos a 1955, lokacin gwagwarmayar 'yan Pathet Lao, wato 'yan kwaminis masu neman mulkin ƙasar, aikinta na farko shi ne tara mata wa juyin juya hali. Da jam'iyyar kwaminis ta karɓi mulki a 1975, sai ta zama ɗaya daga cikin ƙungiyoyin jam'iyyar. Ƙarfinta shi ne rassanta sun kai har ƙauye. Idan miji ya doki matarsa aka kai ƙara gaban kwamitin sulhu na ƙauye, galibi wakiliyar ƙungiyar na zaune a wurin. Matan ƙungiyar suna kuma kula da asusun ajiya na ƙauye, inda mace mai saƙar siliki za ta ranci kuɗin zare ta biya bayan ta sayar. A Biyantiyan, babban birnin ƙasar, suna da gidan fakewa na matan da aka ci zarafinsu ko aka yi safararsu. Da hannunsu a dokar kare mata ta 2004 da ta hana cin zarafi ta 2014.

Abin da ke damuna shi ne sulhun nan. Sau da yawa ana matsa wa mace ta koma ɗakinta don a rufa wa iyali asiri. Kuma ƙungiyar ba ta da bakin sukar jam'iyya, ga shi ƙasar ba ta barin ƙungiyoyi masu zaman kansu su yi motsi sosai, don haka macen da ba ta gamsu da hukuncin ƙauye ba, ƙofofin da suka rage mata kaɗan ne.