Bayan an zura bututun zuciya ta wuyan hannu: likita ya amsa tambayoyinku

*Likita, an duba jijiyoyin zuciyar mahaifina ta wuyan hannu. Sai suka ɗaura masa wata roba kamar agogo, nas na zuwa tana zuƙe iskarta da sirinji kaɗan-kaɗan. Me ya hana a cire ta gaba ɗaya? Daga Zariya.*

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Jijiyar da aka huda ba irin wadda ake ƙarin ruwa ta cikinta ba ce. Ita ce mai harbawa a ƙasan babban yatsa, jini na gudu a cikinta da ƙarfin bugun zuciya, ga kuma maganin hana jini daskarewa da aka ba shi lokacin aikin. A kwance robar lokaci guda, jini ya yi tsartuwa. A matse fiye da kima, jijiyar ta toshe. Shi ya sa nas ke rage iskar ta tsaya ta zuba ido, in jini ya ɓullo ta mayar. Yawanci awa 2 zuwa 4 ake yi. Za ka ga tana taɓa yatsunsa, tana danna farce ta saki don ta ga ko jan ya dawo nan da nan. Mu baƙaƙen fata, farce da tafin hannu ne ke faɗin gaskiya.

Kuma Baba ya huta. Kafin wani likita a Kanada, Lucien Campeau, ya bayyana wannan hanya ta wuyan hannu a 1989, galibi ta gindin cinya ake bi, mutum ya yi awanni a kwance ba damar tanƙwara ƙafa.

*Kwana 4 da sa wa maigidana ƙaramar ragar ƙarfe a jijiyar zuciya. Jini ya kwanta a hannun, wurin ya yi baƙi. Surukata ta ce a gasa da ruwan zafi a murza man zafi, ni kuma ina ganin ya dakata da asfirin. Daga Maraɗi.*

Hajiya, ki lallaɓa Inna ta haƙura. Wannan ba targaɗe ba ne. Gashi da murza na iya ɓalle ɗan gudan jinin da ya toshe hujin. Kwanciyar jini kan washe da kanta cikin mako 2 zuwa 3.

Shawararki ce ma ta fi tayar mini da hankali. Asfirin da abokinsa, irin su clopidogrel, su ke hana jini daskarewa a cikin ragar. In ya bari, tana iya toshewa, ciwon zuciya mai tsanani ya biyo baya. Kada ya tsallake ko kwana guda sai da izinin likitansa.

Ki zagaye baƙin da biro yau, ki riƙa dubawa. In kumburi na ƙaruwa, ko hannun ya yi tauri yana azabar ciwo, ko ƙullutu mai harbawa ya fito, ko yatsu suka yi sanyi ba ya jin su, ko zazzaɓi da ruwan mugunya, kada ku jira wayewar gari. In jini ya ɓalle, ya zauna, ya ɗaga hannun, ki danne wurin da ƙarfi minti 10 ba leƙawa. Bai tsaya ba, ku kama hanyar asibiti kina danne da shi.

*Yaushe zan koma alwala da hawa babur? Daga Kumasi.*

Bayan awa 24 za ka iya cire filastar ka wanke wurin da ruwa da sabulu, ka tsane shi da ƙyalle mai tsabta. Kafin nan, malaminka zai yi maka bayanin shafa a kan ɗauri. Kada dai ka jiƙa hannun cikin bokiti na 'yan kwanaki. In za ka tashi daga sujada, ɗaya hannun za ka dafa.

Babur kuwa, wuyan hannun ne ke murɗa totur yana shan jijjiga, don haka ka jingine shi kamar mako guda, tare da jan guga da ɗaukar jarka. In ciwon zuciya mai tsanani ne ya kai ka asibitin, likitanka ne zai yanke ranar, ba ni ba.