Amsa ga mai son noma ba da takin zamani ba: wa zai zauna a gonar?

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka, inda ka ce ka gaji gona eka uku a ƙauye, kana so ka noma ta ba tare da takin zamani ko maganin feshi ba, kana kuma son ka ji ko za ka iya riƙe ta daga cikin birni, kana aika 'yan ƙwadago kana leƙawa ranar Asabar. A irin wannan gona na tashi a yankin Gezawa, kuma har yau a cikinta nake zaune da iyalina, don haka shawarata ita ce ka fara lissafa mutanen da za su zauna a gonar kafin ka lissafa irin da za ka shuka.

Buhun takin zamani mutum ɗaya ne zai ɗora a babur ya kai gona, ya gama zubawa kafin azahar. Maganin ciyawa ma haka yake, yaro ɗaya da injin feshi a bayansa ya isa. Ranar da ka ajiye waɗannan biyu, aikin da suke yi yana nan bai tafi ko'ina ba, hannun mutane ne zai ɗauke shi, kuma yawancinsa aiki ne na kullum wanda ba ya jiran ranar Asabar.

A gidanmu takin yana farawa ne daga turke, turke kuma a hannun mata yake. Awaki da tumakin da ke ɗaure a tsakar gida duk damina na mahaifiyata ne da na uwargidana, su ne suke ba su dusa da ruwa, su share ƙarƙashinsu kowace safiya, su tara kashin a juji tare da toka da ƙaiƙayi da ragowar abincin dabbobi. Tsarin da muka taras shi ne gona ta ba dabbobin harawa da karmami, dabbobin su mayar wa gona taki, kuɗin akuya kuwa idan an sayar na mai ita ne. Sau da yawa nakan ji ana yaba wa manomi a ce gonarsa ta yi kyau, ba wanda ya tuna da matar da ta yi shekara tana tara abin da ya ciyar da ƙasar, kuma ina ganin wannan rashin adalci ne. Idan ba ka da wanda zai riƙe maka turke, to sayen taki za ka yi kura-kura, kuma kuɗin ɗaukowa kaɗai zai iya cinye ribar.

Da bazara ta kama, wajen watan Maris zuwa Afrilu, sai aikin mai jaki da mai amalanke. Ana cika mangala, a kai gona, a zube tsibi-tsibi tsakanin kunyoyi, a bar shi sai an kusa shuka a baza. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna ƙarawa da sharar birni, amma sharar yanzu ba irin ta da ba ce. Bara na tsaya kusa da ƙanena yana tsince tsibi ɗaya, ya fitar da ledoji, da fasassun kwalabe, da tsofaffin batura, har tafin hannunsa ya yanke. Wannan tsincewa ba ta da gaggawa, kuma wanda ba ruwansa da amfanin da za a girba da wuya ya tsaya ya yi ta yadda ya kamata. A da Fulani makiyaya kan sauka a gonarmu bayan girbi, shanu su ci kara su kwana a wurin, mahaifinmu ya ba su damin dawa, wurin da suka kwana kuwa ana ganin bambancinsa a damina biyu. Rashin yarda ya rage wannan al'ada ƙwarai, kuma asara ce ga ɓangarorin biyu.

Inda za ka fi jin ƙarancin mutane shi ne noman firi da maimai. Duk gari a mako biyu ɗaya ake buƙatar fartanya, gayya ta yi ƙaranci, ɗan ƙwadago kuma gonarsa zai fara yi kafin taka. Akwai shekarar da wani aiki ya riƙe ni a birni, na bar kuɗi a yi mini firi, ba a shiga gonar ba sai da ciyawa ta rufe geron, kuma duk takin da muka zuba ciyawar ce ta sha. Haka ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta: dole a tuge shi kafin ya zubar da iri, domin gindi ɗaya yana fitar da dubban ƙwayoyi masu iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma. Sai mai zagaya gona kowace yamma yake ganin furensa da wuri.

Kada ka raina dattijo a gonar. Mahaifina ba ya iya sunkuyawa da fartanya yanzu, amma shi ne yake hana a sare tohon itace lokacin sassabe, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, da rani kuma ya ba dabbobi 'ya'yansa da inuwa. Abin da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya, ya fara ƙarfafa wa manoman Maraɗi gwiwa a kai tun 1983 ke nan, wato a bar kututture ya toho, a rage rassan a bar masu ƙarfi, kuma ta haka gonaki masu yawa a kudancin Nijar suka sake cika da itatuwa. Baƙon da ka ɗauka aikin yini ɗaya zai sare wannan toho da zuciya ɗaya, yana ganin share maka gona yake yi.

Game da wake, ba zan ɓoye maka ba, wanda ba a yi wa feshi ba ba ya cika rumbu. Muna daka 'ya'yan darbejiya, mu jiƙa su kwana ɗaya, mu tace, mu fesa da yamma, kuma sai an maimaita bayan 'yan kwanaki, musamman idan ruwa ya wanke. Yana rage tsutsa, amma ba ya kawar da ita. Shi ya sa muke riƙe da waken kanannado a tsakanin gero da dawa, domin ko ƙwayar ba ta yi yawa ba harawar tana ciyar da turke. Wajen ajiya kuwa buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, ya raba mu da zuba guba, muddin waken ya bushe sarai kuma an ɗaure kowace leda dabam. Kada ka manta cewa ragowar maganin ƙwari ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015.

Kasuwa ma ka san halinta tun yanzu. A Dawanau ba wanda zai ƙara maka kuɗi don ka ce ba ka sa takin zamani ba, takardar shaidar noma ba da sinadari ba ta ƙasashen waje kuma tana buƙatar shekara biyu zuwa uku da daina sa sinadari, ga kuɗin masu dubawa da ya fi ƙarfin eka uku. Mu dai, ga mutanen da suka san mu muke sayarwa kai tsaye.

Saboda haka, idan ba za ka koma da kanka ba, ka nemi magidanci mai iyali ya zauna a gonar, ka gyara masa ɗaki da rijiya, ka yanka masa gayauna wadda amfaninta nasa ne shi kaɗai, ka saya wa matarsa awaki ku yi yarjejeniya a kan 'ya'yan da takin, a gaban shaidu, kafin ruwan farko ya sauka. A shekarar farko ka gwada da eka ɗaya, domin takin turke ɗaya ba zai wadatar da uku ba, sauran biyun ka sa musu gyaɗa da wake har jujin ya taru.