Amsa Ga Ɗana Kan Layin Nan Na Ƙarshen CV

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kowa lafiya a Auyo, da Yaya da ƙannenka. Na saurari saƙon muryar da ka turo mini har sau biyu. Ka ce ka ga CV ɗin ɗan'uwanka da aka haifa a nan Landan, can ƙasa ya rubuta wai yana buga ƙwallo, yana hawan keke, yana taya rabon abinci da azumi. Shi ne kake tambaya ko haka mutanenmu na nan suke yi, kuma ashe ba abin kunya ba ne mutum ya je neman aiki yana lissafa wa maigida wasannin da yake yi.

Haka muke yi, amma ba da shi muka zo ba. Mu da muka zo da girmanmu, da tarbiyyar gida muka zo, wadda ta ce yabon kai jahilci. CV ɗin da na sauka da shi a 2012 shafi 4 ne cif: hotona a sama, ranar haihuwa, jiha, ƙaramar hukuma, addini, aure da yawan 'ya'ya, har firamaren da na yi. Wata shida ina aikawa, shiru kake ji. Daga baya wani ɗan Katsina da ya riga ni zuwa ya kai ni wani ofishi da ake taimaka wa masu neman aiki. Wata dattijuwa ta karɓi takardar, ta ɗauki biro ta bi tana sokewa. Hoto ya tafi, shekaru sun tafi, addini da aure sun tafi. Ta ce a Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ta hana a nuna wa mai neman aiki bambanci saboda shekarunsa, ko addininsa, ko launin fatarsa, ko jinsinsa, don haka masu ɗaukar aiki ba sa ma son ganin waɗannan. Shafi 2 ya isa.

Da ta gama sai ta ajiye biro ta tambaye ni me nake yi in ba na wurin aiki. Na ce ba komai. Ta ce ran Asabar fa? Na ce ina koya wa yara karatu a masallaci, su wajen 20. Ta ce sai me? Na ce ni ke riƙe littafin kuɗin ƙungiyarmu ta Hausawa, wanda muke tarawa saboda suna da rasuwa da wanda ya shiga wani hali. Sai ta juyo da takardar gabana ta nuna mini ƙasan shafi ta ce, rubuta su a nan. Wallahi nauyi na ji, don ni a wurina waɗannan abubuwa ne da ake yi saboda Allah, ba a tallarsu.

Na daɗe ina juya maganar kafin na gane dalilinsu, kuma shi nake so ka riƙe. A gida, in ka je neman wani abu, kafin ka buɗe baki an san ɗan gidan wane ne kai. Ana iya tambayar mai unguwa, ko liman, ko wanda kuka yi aikin gayya tare. Halinka yana da shaidu tun kafin takardarka ta iso. A nan babu wanda ya san mahaifinka. Mai ɗaukar aiki yana zaune da tarin takardu, kusan kowa digirinsa iri ɗaya, kuma yana so ya san wa za a iya ba amanar kuɗi, wa ke iya zama da mutane, wa ke fara abu ya kai shi ƙarshe. Wannan ɗan layin shi ke tsaya maka a madadin mai unguwa. Wanda ya shekara 3 yana kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallo ya san yadda ake sasanta samari 11 masu zafin kai. Matar da ta riƙe adashi na mata 15 ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ai an ga riƙon amanarta.

Bari in ba ka abin da ya faru da ni. A ƙarshen layin na ƙara da cewa na yi kiwon tantabaru tun ina yaro. Ka san ɗakin tantabarun nan da ke bayan rumbun Baba, ni na fara shi. Ranar intabiyu, mutum uku ne a gabana, ana ta tambayoyi a ɗaure. Can sai babbansu ya duba ƙasan takarda ya ɗago kai ya ce, tantabaru? Ashe mahaifinsa a arewacin Ingila yana cikin masu tseren tantabaru, al'ada ce tsohuwa a garuruwan ma'aikatan haƙar kwal. Muka yi minti biyar muna maganar yadda ake sabar da su gida da abin da ake ba su. Ba zan ce maka tantabaru ne suka ba ni aikin ba, takarduna ne da ikon Allah. Amma daga nan bakina ya sake, na amsa sauran tambayoyin yadda nake magana da mutanen da na sani.

Sai dai akwai ƙa'ida. Layi biyu ne ko uku, a can ƙarshe, kuma ba dole ba ne. Wanda ya shekara 15 yana aiki yawanci cire shi yake yi, aikinsa ya ishe shi shaida. Matasa irinku da ba su tara ƙwarewa ba su ne suka fi amfana. Kuma ba a rubuta abin da ba za a iya kare shi ba. Yaranmu da yawa suna kwafo "karatu, tafiye-tafiye, sauraron labarai" daga intanet. An tambayi wani yaro a nan wane littafi ya karanta kwanan nan, ya yi tsuru-tsuru, kuma daga nan aka fara shakkar duk sauran abin da ya rubuta. Kallon ƙwallo a gidan kallo ba ya shiga, haka sunan kulob ɗin da kake goya wa baya, haka jam'iyya. Farauta ma, da ake ganinta jarumta a wurinmu, a nan ba ma sa ta, don wata doka ta 2004 ta haramta farautar namun daji da karnuka a Ingila, kuma mutanensu da yawa ba sa ƙaunarta.

Inda har yau ba mu daidaita a tsakaninmu ba shi ne batun masallaci. Wasu suna rubuta Islamiyya ɓaro-ɓaro, su ce wanda zai ƙi su saboda haka gara ya ƙi tun yanzu. Wasu kuma suna rubuta "koyar da yara a makarantar ƙarshen mako," don sun san doka daban, zuciyar mutum daban. An sha yin gardamar nan bayan sallar Juma'a. Ni ina rubuta nawa a fili, amma ban ga laifin wanda ya sakaya ba, tunda bai yi ƙarya ba kuma yana da iyalin da zai ciyar.

Kai kuwa da kake gida, kada ka ɗauki namu ka ɗora gaba ɗaya. In aikin gwamnati kake nema, kada ka cire jiharka da ƙaramar hukumarka, saboda tsarin raba daidai yana buƙatarsu, za ma a nemi takardar shaidar asali. Amma in kamfani ne, ko ƙungiyoyin agajin nan da ke aiki a Dutse da Haɗeja, ko tallafin karatu a waje, to a nan layin zai yi maka rana.

Kuma kana da abin rubutawa fiye da ɗan'uwan naka, kai ne dai kake raina shi. Yaya ta ba ni labarin ambaliyar 2022, yadda ka tara samarin unguwa kuka kwana kuna cika buhuna da ƙasa kuna tare jinga. Na san kana noman rani, kai ke lissafin taki da man injin ban-ruwa da kuɗin 'yan ƙwadago. Na san tun da ka dawo daga hidimar ƙasa kake koya wa 'yan sakandare lissafi da yamma ba ka karɓar ko sisi. Rubuta su da adadinsu na gaskiya: samari nawa, kwana nawa, kadada nawa, ɗalibai nawa, tun yaushe. Kada ka ƙara ko mutum ɗaya, don za a iya tambayarka.

Ka gyara ka turo mini kafin Juma'a in duba, ka haɗo da tallar aikin da kake nema don mu ga wanne daga cikinsu ya fi dacewa a sa gaba. Ka gaishe mini da Yaya, ka ce mata kuka da daddawar da ta aiko sun iso lafiya. Ka kuma faɗa mini ko har yanzu akwai tantabaru a bayan rumbun.