Ciwon hantar ƙanwata gado ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ƙanwata 'yar shekara 23 ta yi wata huɗu tana fama da shawara da kasala. An gwada ciwon hanta nau'in B da C ba a samu ba, daga baya aka ce garkuwar jikinta ce ke cin hantarta. Innarmu tana da ciwon maƙoƙo, iyayenmu kuma auren zumunci suka yi. Ina da yara uku, barci ya gagare ni. Gado ne? Yanzu idonta ya washe, dangi sun ce ta ajiye ƙwayoyin asibiti ta koma maganin ƙara ƙarfin garkuwar jiki.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, ki yi barcinki game da yara. Wannan ciwo ba irin sikila ba ne, da uwa ke ba da rabi uba ya ba da rabi. Abin da ake gada shi ne sauƙin kamuwa, kuma da wuya a samu mutum biyu a gida ɗaya da shi, ko da iyaye 'yan uwan juna ne. Maƙoƙon innarku, in irin na garkuwar jiki ne, zai iya zama reshen wannan halin, don cututtukan sukan bi dangi ta fuska daban-daban. Mata ne suka fi kamuwa.

Inda gadon ya fi nauyi shi ne ƙwayoyin halittar HLA, masu taimaka wa garkuwar jiki ta bambance na gida da baƙo, a kuromosom na 6. A Turai da Amurka an lura masu nau'in DR3 sukan kamu tun da ƙuruciya, ciwon ya fi yi musu zafi, ya fi dawowa, sun kuma fi kaiwa ga dashen hanta. Masu DR4 sukan kamu da manyanta, magani ya fi karɓar su. Akasarin wannan bincike a kan Turawa da Japanawa aka yi shi, kuma mutane bila adadin suna ɗauke da DR3 har tsufa hantarsu lafiya lau. Kada ki ɓata kuɗi wajen gwada yara.

Maganar dangin nan ce ta tayar mini da hankali, don kusan kullum sai na ji ta. Wai a ƙara mata ƙarfin garkuwar jiki! Garkuwar ce fa mai laifin. Ita ce ta ɗauki hanta a matsayin baƙuwa take dukanta. Prednisolone da azathioprine da aka ba ta aikinsu su riƙe hannun garkuwar ne. Mai gadi ya juya yana dukan maigida, ku kuma kuna neman ku ƙara masa kulki?

Mai tallar nan da lasifika a tasha, da 'yar uwarsa mai kwalaye masu ƙyalli a Facebook, ba su taɓa ganin sakamakon ALT ɗinta ba, wato gwajin jinin da ke nuna kumburin hanta. Shawara ɗaya suka sani, alhali shawara alama ce kawai, cututtuka da dama ke kawo ta. Jiƙo da sassaƙe da "wankin hanta" duk ta hantar nan za su bi, ita ce za ta sha wahalar tace su, ga ta da rauni. Na sha ganin wadda muka sallama tana dariya, bayan wata shida aka dawo da ita ciki ya cika da ruwa, tana aman jini. Sai a ce asibiti ya gaza, ko a ce sammu ne. Babu mai ambaton galan ɗin da ke ƙarƙashin gado.

Washewar ido ba warkewa ba ce. Kumburin yakan ci gaba a ɓoye yana barin tabo har hanta ta taurare, kuma kusan ɗaya cikin uku na manya sukan zo mana ta riga ta taurare. Mafi yawan waɗanda suka daina magani ciwon kan dawo musu. Yanke prednisolone farat ɗaya ma hatsari ne na daban, a hankali ake rage shi, likita ne kuma ke ragewa.

In kumburin fuska ko ƙiba ke damun ta, ta faɗa wa likitanta, akwai yadda ake yi. Ki raka ta ranar asibiti, a duba ALT da AST (gwajin hanta) da IgG (gwajin garkuwar jiki) da ƙwayoyin jini. Duk abin da aka riga aka ba ta a gida, ku zuba a leda ku zo da shi mu gani.