Ku Tambayi Likita: Allurar PRP a Gwiwa da Fatar Kai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata mai shekara 62 tana fama da ciwon gwiwa, hoto ya nuna guringuntsin ya cinye. An ba mu shawarar allurar PRP, wai daga jininta za a haɗa, kuma tana sa guringuntsi ya tsiro sabo. Mu yi ko mu haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Mama lafiya. Batun jini gaskiya ne, batun tsirowar guringuntsi kuwa talla ce.

A cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira platelet, masu sa shi daskarewa idan an yanke. Lafiyayyen mutum yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikurolita, wato ɗigon da bai kai kan allura ba. Bayan toshe rauni, suna sakin sinadaran da ke kiran jiki ya zo ya yi gyara. Dabarar PRP (platelet-rich plasma, wato ruwan jini mai yawan platelet) ita ce a tattara su wuri guda, a kai su daidai inda ke ciwo.

Ana ɗibar jini mililita 15 zuwa 60 a hannu, cikin kwalba mai sinadarin sitiret don kada ya daskare. Sai a sa kwalbar a na'urar da ke wulwula ta da gudu. Bayan kamar minti goma, idan aka ɗaga ta a haske za a ga jinin ya rabu hawa uku: ja wur a ƙasa, ruwa mai kalar rawaya a sama, sai wani siririn farin layi a tsakani. Ƙwayoyin da ake nema suna jikin layin nan da ruwan da ke kansa. Sau da yawa akan sake wulwulawa karo na biyu da ƙarfi, a zubar da ruwan sama, a bar mililita 3 zuwa 6 da yawan ƙwayoyinsa ya ninka na jini sau uku zuwa biyar. Shi ake yi wa gwiwa, an fi so da taimakon sikanin.

Inda ake samun matsala shi ne haɗin. Idan gudun na'urar ya yi yawa, ƙwayoyin kan fashe su zubar da sinadarinsu tun a kwalba. Idan hannun mai zuƙa ya zarme ya kwaso jajayen ƙwayoyi, gaɓar za ta kumbura ta yi zafi. Shi ya sa asibiti biyu za su ce PRP suke yi, amma abin da ke cikin sirinjinsu ya sha bamban. Ku tambaya ko suna ƙirga ƙwayoyin platelet ɗin kafin allura. Wanda bai ƙirga ba, canki-canka yake yi.

To, tana aiki? Wasu bincike sun nuna sauƙin ciwo na watanni ga waɗanda cutarsu ba ta yi nisa ba. Amma a 2021 an buga wani babban gwaji daga Ostareliya a mujallar likitoci ta JAMA, mutum 288, rabi aka yi musu PRP, rabi ruwan gishiri, ba wanda ya san me aka ba shi. Bayan wata 12 babu wani bambancin a zo a gani, ko a ciwo ko a girman guringuntsi. Idan har ƙashin Mama ya fara gugar ƙashi, kada ku sa rai da yawa. Rage ƙiba, atisayen ƙarfafa naman cinya, da ganin likitan ƙashi kan batun sauya gwiwa sun fi tushe.

Idan kun yanke shawarar gwadawa, akan dakatar da ibuprofen da diclofenac kamar mako guda kafin allura da bayanta, domin suna kashe kaifin ƙwayoyin. Farasitamol ba laifi. Aspirin ko maganin tsinka jini da likitan zuciya ya rubuta kuwa, kada a taɓa shi sai da izininsa. Bayan allurar ciwon kan iya ƙaruwa kwana biyu zuwa uku, wannan ba abin tsoro ba ne. Zazzaɓi da gwiwa ja mai zafi alamar ƙwayar cuta ce, a koma asibiti a ranar.

TAMBAYA: Likita, sanƙo ya fara cin gaban kaina, shekarata 34. PRP za ta dawo da gashin?

AMSA: Malam, inda gashi ya yi siriri amma saiwarsa na raye, takan ƙara masa kauri. Akan yi sau uku, wata-wata, sannan a riƙa maimaitawa kamar bayan wata shida, in an daina a koma gidan jiya. Inda fatar ta yi sumul tana ƙyalli, saiwar ta mutu, allura ba ta tayar da ita.

Sai dai ka duba wurin da za ka. A jihar New Mexico ta Amurka an rufe wani shagon kwalliya marar lasisi a 2018, daga baya hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta danganta kamuwar mata uku da HIV da gyaran fuska na PRP da aka yi musu a can. An tarar da kwalaben jini ba suna, da allurai a buɗe. Ka tabbata an buɗe sabon sirinji a gabanka, an rubuta sunanka a kwalbar kafin ta shiga na'ura.